Sharar Kufan Alƙalawa

Saratu, gyara zama ki riƙe alƙalaminki da kyau. Ni ba karatu gare ni ba, abin da bakina ya faɗi shi za ki aza bisa takarda, kada ki ƙara mai gishiri. Jiya ina jin ku, ke da ƙawayenki malaman makaranta, kuna dariya wai kakarki sana'arta shara. Mai dogon takalmin nan har cewa ta yi wane ne bai iya shara ba. To, da sunan Allah za ni fara, in na gama ki kai mata ta karanta.

Sana'ar ba tawa ba ce tun farko, ta kakanki ce, Allah shi jiƙan shi. Ba ni faɗin sunanshi, ko da yana da rai ban faɗa ba. Kofur mutane ke ce mai, haka za ki rubuta, ko da yake soja ba su ba shi igiya ko ɗaya ba, mutanen ƙauyenmu ne sunka naɗa shi. Kin ga idona ya kawo ruwa. Bar shi, kullum haka yake yi in na ambace shi. Ci gaba da rubutunki.

Zamanin Turawa anka ɗebe su anka kai su yaƙin Bama. Shi bai yi harbi da yawa ba, hidimar wani hafsa Bature yake yi, wanki da dafa shayi da goge takalma. Da yaƙi ya lafa, hafsan ya tafi hutu wani gari na bakin teku, ya tafi da shi. Sunan garin ya sha faɗa mani, bakina ya ƙi ɗauka. Ya ce gari ne da manya ke zuwa su kwanta bisa rairayi, su shiga ruwan gishiri su yi wanka ba don dauɗa ba. Bayan garin akwai duwatsu, bisa duwatsun akwai tsofaffin gidajen ibada na mutanen ƙasar, masu bin addinin Buda. Maza ke zaune ciki, kai aske ƙwal, sun yafa zane ruwan ɗorawa, ba mata ba ɗiya.

Ran da sunka hau na farko, Kofur na biye da kwandon abinci. Ya ce matakalar ta fi gaban ƙirga. Can bakin ƙofa sunka iske wani tsoho da tsintsiya, jikinshi kamar karan dawa. Sai ya nuna takalman hafsa da bakin tsintsiyar. Kofur ya ce a ranshi yau tsohon ga ya ja ma kanshi. Sai ga hafsa ya zauna ƙasa ya kwance igiyar takalmi, ya tuɓe har safa, ƙafa fara sol kamar rogon da anka fere. Wanga abu Kofur ya mutu bai gama mamakinshi ba.

Ciki akwai gunki babba kwance bisa haƙarƙari, tsawonshi ya fi zauren maigari. Kofur ya ce shi Musulmi ne, bai rusuna ba, ba kuwa wanda ya ce shi rusuna. Abin da ya tsaya mai a rai tsakar gidan ce. Gini ya tsufa har bishiya ta fito cikin bango, amma ƙasa ba ƙaya, ba kashin akuya, ba tsinke. Gida uku ko huɗu sunka zaga cikin kwanakin, ko'ina haka. Ranar ƙarshe sunka koma na farkon, hafsa na can yana zanen bango cikin littafi, Kofur ya tsaya kallon tsohon. Da baya da baya yake shara, yana share sawunshi, in ya gama sai ka ce ba a taɓa taka wurin ba. Ya iske jerin tururuwa, ya tsaya sai da sunka wuce. Da ya ga Kofur ya ƙi gusawa sai ya miƙa mai tsintsiyar. Kofur ya kama da ƙarfin soja, ƙura ta tashi, tsohon ya yi dariya har ya zauna. Ya tashi ya kama mai wuyan hannu ya sassauta shi. Ba mai jin harshen wani. Iyakar karatun da kakanki ya yo a bayan teku ke nan.

Ya dawo gida a rame, da tari, da akwatin ƙarfe, da takalman soja, da wani ɗan hantsaki na cire ƙaya. Kwana uku da dawowa ya fita shan iska ya bi ta kufan Alƙalawa, tsohon birnin Gobir da ke gefen ƙauyenmu. Ya iske awaki kwance bisa kushewun sarakunan da. Ya shigo gida bai ci tuwo ba. Washegari ya tafi wurin maigari ya roƙi izni shi share hanya tun daga tsamiyar bakin kufai har kushewun.

Maigari ya ce, "Kofur, an ƙetare teku da kai, abin da ka koyo shara?"

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ita kaɗai na ga tana da amfani a gida."

Anka yi dariya, anka bar mai. Ya aje takalman sojanshi gindin tsamiya, ya ce daga nan ba mai wucewa da takalmi.

To, ki ce ma ƙawarki kayan aikin guda biyar ne. Akwai kalme, abin da kuke ce ma fartanya, na tuge tsidau tun yana kore, kafin shi yi ɗiya. Tsidau kin san shi, ɗan haki mai shimfiɗa bisa ƙasa, ɗiyanshi masu ƙahoni, ko yaya sunka faɗi ƙaya ɗaya na duban sama. Akwai tsintsiyar kaba mai tauri, ta ture ƙayar aduwa da kashin dabba. Akwai mai laushi, ta gyara fuskar rairayi. Akwai tsohon buzu na tunkiya mai gashi, da igiya ɗaure ga wuyanshi. Sai hantsaki, shi ba ya barin aljihun Kofur. Tulu da moɗa ban sa su cikin ƙirga ba, kowane gida na da su.

Aikin da na fara yi ni kaɗai, wani falke ne na garin Isa zai zo ziyara, mai kai goro da tufafi ƙetaren iyaka, ƙasar da Faransa ke riƙe da ita. Kofur ya tafi kasuwar Sabon Birni, ya ce in share kafin baƙo shi iso. Na share, na share, na bi hanyar da ƙafata sau biyu, ban ji komi ba. Falken ya iso bisa doki, mutum mai jiki, ya tuɓe takalma gindin tsamiya yana bisimilla. Taki uku ya yi ya ɗaga ƙafa. Taki biyar ya ɗaga ɗayar. Kafin shi kai kushewun yana tafiya kamar zalɓe cikin fadama.

Ya ce, "Baiwar Allah, wagga hanya an share ta, ko shuka ta anka yi?"

Na ce, "Wallahi yanzu na taka ta."

Ya dubi ƙafata, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Da wagga ƙafa ko bisa garwashi kin taka."

Gaskiya gare shi. Ni tunda anka haife ni ban sa takalmi ba, kaushina ya fi tafin raƙumi, tsidau in ya gamu da ni shi ke karyewa. Kofur ya dawo ya iske baƙo zaune yana tsifar ƙafa da tsinke. Ya durƙusa ya cire mai ƙaya ɗaya ɗaya da hantsaki, yana ba shi haƙuri, kafaɗunshi na rawa don dariyar da ya danne. Ranar ya koya mani buzu. In kin gama shara ki kifa shi ki ja, gashin na tsince abin da tsintsiya ta bari. Ki birkice ki duba. In akwai ƙaya ko ɗaya ki sake. Sai ya fito wanke sau uku jere kana hanya ta yi. Ya ce, "Ige, kada ki ƙara tambayar ƙafarki, maƙaryaciya ce."

Sharar baya da baya ta fi ba ni wuya. Wata biyu ina faɗawa cikin geza. Ga kuma tururuwa. In na iske su sai in share su da gayya, shi ko sai shi ce in jira. Na ce, "Su ma Bama sunka je?" Ya dai tsaya har ta ƙarshe ta wuce. Yau in na ga jerinsu a tsakar gida ni ma tsayawa nike, kuna cewa tsufa ne.

Baƙinmu iri iri ne. Gobirawan Tsibiri da na wajen Maraɗi su ne na kirki, bayan kaka suke zuwa, zanen fuskarsu irin namu, su yi addu'a su yi shiru su tafi. Fatake masu ƙetara iyaka ta Burƙusuma su kan ratso su sha ruwa, rabin ziyara rabin inuwa. Malamai su tsaya gardamar wace kushewa ce ta wa, har rana ta karkata ba su shirya ba. Abin da mutum ya ga dama shi bari gindin tsamiya, damin gero, goro, gishirin Bilma, wani ko addu'a kaɗai. Da shi munka ci munka yi sutura. Turawa sun zo nan da can, da littafi da madubin nesa. Ɗaya ya ƙi tuɓe takalmi, Kofur ya ƙame ya sara mai, ya faɗa mai wata magana da Turancin bariki. Baturen ya yi ja, ya zauna ya kwance igiya. Na tambayi Kofur mi ya ce mai. Ya ce, "Ce mai na yi na ga wanda ya fi shi igiya ya tuɓe."

Kuskuren kakanki ɗaya, bakinshi ba ya riƙe labari. Duk baƙon da ya zo sai ya ji na tsohon mai tsintsiya, da gunkin da ke kwance, da matakala. Mutane na ji suna ajewa.

Mugunyar shekara ita ce wadda tarin ya ci ƙarfinshi. Ruwan farko ya sauka ran Laraba, ran Juma'a munka rasa shi. Dakata kaɗan, Saratu. Miƙo mani ruwan can. To.

Na shiga takaba wata huɗu da kwana goma, ba fita. Damina duka ke nan, kuma damina ce lokacin tuge tsidau. Ga shi shekarar gulbi ya yi ambaliya ya kwaso tarkacen duniya ya zube bakin kufai. Ina ɗaka ina kuka biyu, na mijina da na hanyar da na san tana mutuwa. Ran da na fita na je ban gane wurin ba. Tsidau ya yi ɗiya ya bushe ya zube, ƙarangiya har gwiwa. Takalman Kofur kaɗai na gane, suna nan gindin tsamiya, gara ta fara taɓa ɗaya.

Maigari ya aiko kirana. Na iske Malam Ummaru zaune gefenshi. Malam Ummaru taubashin Kofur ne, tun suna yara suke tsokanar juna, shi ya yi mai salla kuma ya yi kuka a makabarta, ba ni ɗaukar alhakinshi. Amma gonarshi ta yi iyaka da hanyar, ya daɗe yana ganin wurin zai yi gero.

Maigari ya ce, "Ige, mai aikin ya tafi. Ke mace ce, ga ki ke ɗaya. Malam kuma na da magana."

Malam ya ce, "Ba ƙiyayya ba ce, matar soja. Marigayi da bakinshi ya ce gidan gumaka ya gano tuɓe takalmin ga. Da ranshi na ƙyale shi don na san kanshi da tauri. Yanzu a bar abin shi bi shi. Mai ziyara shi ratsa ta gefe da takalminshi, hanyar a nome ta."

Na ce, "Malam, naka takalman ina suke yanzu?"

Ya ce, "Ƙofar zaure. Wannan girmama mai rai ne, daban ne."

Ban iya gardama da malami ba, sai na roƙi maigari shi bar ni har dattawan Tsibiri su zo. Ya ce saura kasuwa biyu su iso. In sun bi hanyar ba takalmi sunka fita lafiya, aiki nawa ne. In ko ƙaya ta soki baƙo, damina mai zuwa Malam shi sa kalme.

Kwana goma sha huɗu na yi ina duƙe. Na sassabe, na tara, na ƙone. Rairayin sama duk na kwashe da ƙwarya na tankaɗe da rariya kamar garin tuwo, don tsidau ya shige ciki. Buzu ya cika ya ƙi tsifuwa, na ba da ɗan akuyata na amso wani ga wata Bafillata. Tafin hannuna ya fashe, kowace safiya sai na shafa man kaɗe kana yatsu su buɗe. Ran zuwan baƙi na ja buzu ya fito wanke sau uku, na ƙara na huɗu don tsoro. Na ɗauki mai laushi na fito da baya da baya tun daga kushewun har tsamiya. Hanya ta kwanta lumui, ba sawun kowa, ko nawa.

Da hantsi sunka iso, su shida, da maigari da Malam Ummaru. Babbansu wani dattijo ne mai farin gemu da sanda, ya san Kofur. Ya ga takalman, ya tsaya ya yi mai addu'a, ya tuɓe nashi ya aje gefensu. Sauran sunka bi, har maigari. Malam ya ce shi da nashi zai shiga, kuma shi ke gaba don shi zai ja addu'a. Ba wanda ya hana shi. Ni ina baya da tulu.

Ba a kai rabin hanya ba dattijon ya tsaya cak, ya dafa sanda, ya ɗaga ƙafar hagu.

Malam ya waiwayo ya ce, "Kun gani ko? Sharar mace ɗaya ba ta iya ma wurin ga."

Na aje tulu na durƙusa na ciro hantsakin Kofur. Tsidau ne, busasshe, ya shiga dunduniya. Na cire, jini ya ɗan fito. Ina durƙushe nan idona ya kai ga ƙasa. Da yake na share sawuna, duk sawun da ke bisa rairayin na yanzu ne, ana karanta shi sarai. Ga na masu ƙafa tsirara da yatsunsu, ga na takalmi guda tak. Cikin sawun takalmin na ga tsidau kwance. Na duba na gaba, ga wani. Na gaba, ga biyu. Waje da sawun ko ɗaya babu.

Na ce, "Malam, ta ina ka biyo da safe?"

Ya ce, "Ta gonata. Mi ya faru?"

Na ce, "Don Allah ɗaga ƙafarka in gani."

Ya ce, "Ke Ige, ni za ki ce ma in ɗaga ƙafa gaban baƙi?"

Maigari ya ce, "Ɗaga mata, Malam, ba ta cizo."

Ya dafa kafaɗar wani ya ɗaga. Ƙasan takalmin kamar bayan bushiya, tsidau ya like ba masaka tsinke. Kowane taki sai ya zubar da ɗaya ko biyu. Mutane sunka duƙa suna bin sawun da ido har gindin tsamiya. Wani cikin baƙin ya fara dariya, ya mayar da ita tari.

Ni kaina sai ranar na san amfanin abin. Kofur don girmamawa ya hana takalmi, bai taɓa ce mani takalmi ne ke shuka ƙaya ba. Ban sani ba ko tsohon can na bayan teku ya sani.

Dattijon ya ce, "Ɗiyata, wa ya koya maki sharar da ba ta barin sawu?"

Na ce, "Baba, maigidana. Shi kuma wani tsoho mai askakken kai a gidan ibadar mutanen Bama."

Malam ya ce, "To, abin da nike faɗi ke nan."

Dattijon ya ce, "Sujada ya koya mai ko shara?"

Na ce, "Shara."

Ya ce, "To, Allah shi ba mu masu shara irin tashi. Malam, tuɓe naka, ƙafata na jiranka."

Maigari ya dubi takalman Malam, ya dubi tsamiya. Malam ya tuɓe su nan tsakiyar hanya, ya tsaya riƙe da su bai san inda zai aje ba. Ya ce, "In mayar da su a hannu?"

Na ce, "A hannu, Malam. Ka birkice su sama kada su ƙara zuba."

Ya koma da su har gindin tsamiya, ni ina biye ina tsince ɓarnarshi. Ya aje su gefen na Kofur. Ya ɗan tsaya, ya yi ƙasa da murya, yana tsammanin ba ni ji. Ya ce ma takalman, "Ka ci, soja. Ko ka mutu ba ka bari in huta."

Nan na zauna ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun fitata takaba, gaban maigari da baƙi, ban ji kunya ba. Sunka jira ni yadda ake jiran tururuwa. Da na gama anka shiga anka yi addu'a, Malam ya ja ta, ƙafa tsirara, kuma ya sa sunan taubashinshi ciki.

Maganar noma hanya ba a ƙara tada ta ba. Na riƙe aikin har Turawa sunka tafi, na ci gaba har gwiwoyina sunka ƙi duƙawa. Malam Ummaru ya zan mai tsaron ƙofa ba wanda ya sa shi. In ya hangi baƙo daga gonarshi sai shi ɗaga murya shi ce a tuɓe, wai shi ya gano takalmi na ɗaukar tsidau. Ban taɓa ƙaryata shi ba.

Takalman Kofur suna cikin akwatin can, ɗauko mani su, yau ranar shafa musu man kaɗe ce. Hantsakin na cikin na dama, kada ki zubar. Ita ko ƙawarki, ki ce mata gobe da hantsi ta zo, za ni sa a kai ni gindin tsamiya in zauna. Ta share mani taki ashirin kaɗai, da baya da baya, ta tuɓe dogon takalminta ta taka da ƙafarta mai laushi. Ita ƙafarta ba ta ƙarya.